Ina Kake, Ina Za Ka: Waiwaye Kan 'Yan Kalmomin Wuri a Turanci

Duk wanda ya taɓa zama a benci a ajin Turanci ya san azabar waɗannan 'yan kalmomi: *in*, *on*, *at*, *to*, *into*, *onto*, *from*. Wasunsu haruffa biyu ne rak, amma su ne ke kayar da ɗalibin da ya haddace kalmomi masu gaɓa biyar-biyar. Dokar da ake bi yau kowa ya san ta: *to* na mai tafiya ne, *at* na wanda ya tsaya, *into* na mai shiga ne, *in* na wanda ya riga ya shige ya zauna. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne, ba da wannan doka aka haifi harshen ba. An yi zamanin da mai jin Turanci ba ya tsayawa zaɓe tsakanin *in* da *into*, domin aikin ba a wuyansu yake ba. Sai da aka shafe shekaru aru-aru ana yaƙe-yaƙe da auratayya, ana buga littattafai, ana ƙera jirage, kafin kayan ya dawo kansu. Idan muka bi sawu, za mu tarar yawancin abin da muke ɗauka rigima ce kawai ta Turanci yana da mafari, yana kuma da dalili.

Mu koma ƙarni na 5 na Miladiyya. Rumawa sun kwashe sojojinsu daga tsibirin Birtaniya wajen shekarar 410, sai wasu ƙabilu daga gaɓar arewacin Jamus da Danmak na yanzu, wato Angil da Sakson da Jut, suka riƙa ƙetarowa ta ruwa suna kafa garuruwa. Malamin coci Bede, wanda ya kammala littafinsa na tarihi a 731, ya sa zuwansu a wajen shekarar 449. Harshen da suka zo da shi, wanda masana ke kira Tsohon Turanci, Baturen yau ba zai ji shi ba sai an zaunar da shi an koya masa. Almajirin da ya yi Ajurumiyya a zaure ya fi ɗan boko saurin gane gininsa, domin harshe ne mai i'irabi. Yadda ƙarshen suna a Larabci ke ɗaukar rufu'a ko fataha ko kisira gwargwadon aikinsa a jimla, haka ƙarshen suna yake juyawa a Tsohon Turanci, har da ƙaramar kalmar da ke shige masa gaba, wadda ta zama *the* a yau. 'Yan kalmomin da muke magana a kansu kuwa su ne takwarorin haruffan jarra, irin su *fi* da *ala* da *ila* da *min*.

Amma akwai inda suka sha bamban da Larabci. Harafin jarra hali ɗaya yake jawo wa sunan da ke biye da shi. Na Tsohon Turanci kuwa wasunsu hali biyu suke jawowa, kuma nan ne bambancin zama da tafiya yake kwance. Idan mutum yana zaune cikin gida, a ce *on þam huse*. Idan shiga yake yi, a ce *on þæt hus*. Wannan harafi þ shi ne ake rubutawa *th* yanzu. Kalmar *on* ba ta motsa ba ko kaɗan. Wutsiyar sunan da 'yar kalmar da ke gabansa su ne ke faɗin ko mutumin yana ciki ko yanzu yake sa ƙafa. Jamusanci, ɗan'uwan Turanci na jini, bai saki wannan tsari ba har gobe: *in dem Haus* ga wanda ke ciki, *in das Haus* ga mai shiga. A lura kuma, *on* aka ce, ba *in* ba. A Wessex, masarautar Sarki Alfred, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899 kuma ya sa aka juya littattafan Latin zuwa harshen mutanensa, *on* ce ke yin yawancin aikin da *in* take yi yau. Mutanen arewa da na tsakiyar ƙasar su ne suka fi riƙe *in*. Iyakar nan tsakanin "a kan" da "a cikin", wadda malamanmu suka zana mana a allo kamar tun fil azal take, a zamanin Alfred ba ta tsaya da ƙafarta ba tukuna.

Wannan tsohuwar *on* ba ta mutu ba. Ta dai ƙanƙance ta zama *a* guda ɗaya, ta manne a gaban wasu kalmomi. Ita ce a *ashore* da *aboard* da *asleep*, ita ce kuma a *away*, wadda asalinta "a kan hanya". Tsohon i'irabin tafiya shi ma ya bar ɗa guda a raye. Ɗalibai da yawa sun yi ta tambayar me ya sa ake cewa *go to school* da *go to the market*, amma a ce *go home* ba tare da *to* ba. Amsar ita ce, *home* tana ɗauke da wancan hali na inda aka nufa tun zamanin Sakson, don haka ba ta taɓa neman ɗan rakiya ba. Shi ya sa ta zo daidai wa daida da "tafi gida" tamu.

Sauran kalmomin daga ƙasa da jikin mutum suka tsiro. *Down* asalinta *of dune*, wato "daga tudu", kuma har yau tuddan kudancin Ingila sunansu Downs. Kalmar da take nufin tudu ita ce yau ke nuna gangara. *Beside* daga gefen jiki ta fito, *among* daga kalmar taron jama'a, *between* kuma tana ɗauke da biyu a cikinta. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, don mu ma haka muka yi: kai ya ba mu "kan", ciki ya ba mu "cikin", sannan ga "bayan" da "gaban" da "bakin" da "gindin".

To, me ya rushe tsohon tsarin? Abu na farko yana cikin bakin masu harshen. Turanci, kamar 'yan'uwansa, a gaɓar farko ta kalma yake sa ƙarfin murya, sai wutsiyar ta fito a sanyaye. A hankali wasulan ƙarshe suka yi ta kama da juna har kunne ya daina rabe su. Abu na biyu ta teku ya zo. A 793 'yan Baikin, mayaƙan ruwa daga ƙasashen Sikandinebiya, suka faɗa wa gidan ibada na Lindisfarne. A 865 suka zo da babbar runduna, kuma wannan karon zama ya kawo su. Arewa da gabashin Ingila suka koma hannunsu, aka yi auratayya, aka ci kasuwa ɗaya. Harsunan biyu dangi ne, saiwar kalmominsu ta yi kama, wutsiyoyin ne suka bambanta. Masana da yawa suna ganin mutanen da ke son su fahimci juna a ciniki da zaman aure sun riƙe saiwa sun yi watsi da wutsiya, kuma tabbas a arewa da gabas aka fara ganin zubewar a rubuce. Baƙin sun bar nasu kalmomin ma. *Till*, wadda yau muke amfani da ita ga lokaci kawai, a bakinsu "zuwa" take nufi har ga wuri, kuma a harshen Siwidin haka take har yanzu. *Fro* tasu, 'yar'uwar *from*, ta rage a *to and fro* kaɗai. A wannan tsakanin ne, tun kafin 1066, ake ganin *in* da *to* a haɗe a matsayin *into*. Mai magana da ya ji wutsiya ta fara gazawa sai ya ƙara kalma a gaba don kada a yi masa gurguwar fahimta.

Sai 1066, shekarar da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Fada da kotu suka koma Faransanci, coci da makaranta suka riƙe Latin, Turanci ya zama harshen manomi da mai kiwon aladu. Harshen da ba mai tsaronsa da alƙalami kuwa ba ya jinkirin canzawa. Shaidar da ta fi kowacce taɓa zuciya tana garin Peterborough, inda malaman coci suka ci gaba da rubuta tarihin shekara-shekara da Turanci bayan sauran wurare sun daina, har zuwa 1154. Wanda ya bi shafukan ƙarshe zai ga i'irabin yana narkewa a hannun marubucin: wutsiyoyi sun kusa ƙarewa, *the* guda ɗaya ta fara cinye dukkan siffofinta na da, jerin kalmomi ya fara kama da na yau. Daga nan babu mai faɗin zama ko tafiya sai 'yan kalmomin da ke gaba.

Faransanci ya zuba wa Turanci kalmomi dubbai, amma bai iya taɓa waɗannan ƙanana ba. *In*, *on*, *at*, *to*, *from*, *by*, *over*, *under*, *through*, duk na gida ne. 'Yan kaɗan ne, irin su *across* da *around* da *past*, aka gina da kayan baƙi. Inda Faransanci ya yi aiki sosai shi ne wajen aikatau, kuma nan ne tushen rikicin da ke damun ɗalibi har yau. Turancin asali a ƙaramar kalma yake sa hanya: *go in*, *go out*, *go down*, *go over*. Faransanci kuwa a cikin aikatau ɗin yake cusa ta. Da aka aro *enter* da *descend* da *pass*, sai Turanci ya wayi gari da tsari biyu a gida ɗaya: *go into the room* mai neman rakiya, da *enter the room* wadda ta riga ta haɗiye "cikin" ɗinta. An daɗe kafin a raba musu gado. Fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 cike take da *enter into* a gaban sunan gari da gida da jirgi. Ke nan abin da malami ke jan jan biro a ƙarƙashinsa yau, a 1611 shi ne Turanci mafi daraja. Yanzu *enter into* ta rage ga shiga yarjejeniya ko tattaunawa. *Arrive* ma baƙuwa ce, kuma asalinta a Latin kaiwa gaɓar ruwa ne, maganar matuƙan jirgi. Da yake isa ƙarshen tafiya ne, sai ta zauna da *at* da *in*, kalmomin tsayuwa, ko da yake har ƙarni na 18 akwai marubutan da suka sa mata *to* ba wanda ya ce sun yi laifi.

Turanci ya dawo da martabarsa sannu a hankali. A 1362 aka yi dokar yin shari'a da shi, Chaucer ya yi waƙoƙinsa da shi kafin rasuwarsa a 1400, William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster a 1476. Ɗab'i ya daskarar da abubuwan da a da suke yawo. *Of* da *off* kalma ɗaya ce tun asali, mai nufin rabuwa da wuri. Sai a ƙarni na 17 suka gama rabuwa a rubutu, ɗaya ta ɗauki mallaka, ɗayar ta riƙe sauka da barin wuri. Haka *to* da *too*, haka *through* da *thorough*.

A wannan zamani, na Shakespeare da Baibul ɗin 1611, Turanci yana da wata dukiya da ya zubar daga baya, kuma ita ce ta fi ba mu takaici idan muka waiwaya. Kalmomi tara ne a jere, uku-uku. *Here* a nan, *hither* zuwa nan, *hence* daga nan. *There* a can, *thither* zuwa can, *thence* daga can. *Where* a ina, *whither* zuwa ina, *whence* daga ina. Kowace tambaya da mai tafiya zai yi, ina kake, ina za ka, daga ina ka fito, tana da kalmarta guda, babu kame-kame. Tsari ne mai kyau ƙwarai, tsaf kamar an auna shi. Amma bakin mutane ya gaji da shi. Kafin ƙarni na 19 ya yi nisa, shida daga cikin taran sun koma na mumbari da waƙa da takardun lauyoyi. *Hence* ta tsira ne don ta sauya sana'a, ta koma "saboda haka". *Where* ta ɗauki aikin 'yan'uwanta biyu, kuma da yake ba za ta iya ita kaɗai ba, sai aka riƙa rataya mata *from* ko *to* a ƙarshen jimla: *where are you from?* Wani kayan ya sake sauka a kan 'yan kalmomin.

Wannan ɗabi'a ta barin ƙaramar kalma a ƙarshen jimla ita ta fara jawo hankalin masu gyara. William Bullokar ya fitar da nahawun Turanci na farko a 1586, a kan ƙirar Latin. John Wallis, masanin lissafi na Oxford, ya fi shi hangen nesa: a littafinsa na 1653 ya nuna cewa Turanci ba shi da irin i'irabin Latin, 'yan kalmomin nan ne ke yin aikin. Amma Latin ce mai daraja a lokacin, kuma a Latin ba a barin irin wannan kalma a ƙarshe. A 1672 mawaƙi John Dryden ya soki marubuci Ben Jonson, wanda ya daɗe da rasuwa, kan wannan, daga baya ma ya koma kan wani littafin da shi kansa ya rubuta ya gyara jimlolin da ya yi haka. Robert Lowth, a nahawunsa na 1762, ya fi sassauci: ya yarda harshen na karkata ga hakan, kuma ya dace da hira, ya dai ga ɗaya hanyar ta fi kyau a rubutu mai nauyi. Waɗanda suka biyo bayansa ne suka mai da shawara ta zama haramci.

Mutumin da ya fi kowa tasiri a kan abin da aka koya mana bai yi suna a wurinmu ba. Lindley Murray lauya ne haifaffen Amurka, wanda ya koma zama kusa da birnin York na Ingila saboda rashin lafiya. A 1795 ya rubuta nahawu don amfanin wata makarantar 'yan mata ta garin, sai littafin ya bazu a Ingila da Amurka, aka yi ta sake buga shi shekara da shekaru. A ciki ya jera dokokin da za mu gane nan take. *To* a gaban sunan wuri idan aikatau na tafiya ne. *In* a gaban ƙasashe da birane da manyan garuruwa. *At* a gaban ƙauyuka da gidaje. Sai ya ƙara wani abu da aka manta da shi yanzu: biranen ƙasashe masu nisa su ma *at* suke ɗauka. Wato mutum yana zaune *in* Landan, amma *at* wani birni na Faransa. Babu wata hujjar girma a nan, domin birnin waje yana iya fin na gida girma. Hujjar ita ce inda mai magana yake tsaye. Garinka yana kewaye da kai, kana cikinsa. Garin wasu kuwa ɗigo ne a taswira. Da wannan ido ne matafiya da jami'an mulkin mallaka suka riƙa rubuta *at Kano* da *at Sokoto* a rahotanninsu, ko da yake Kano birni ne mai ganuwa da ƙofofi tun ƙarnuka kafin zuwansu.

A wurin Murray kuma, wanda ya taɓa zuwa Landan cewa zai yi *I have been at London*. Yau *been to* ake cewa, kalmar tafiya manne da aikatau na zama, abin da bisa dokar littafi bai kamata ya yiwu ba. Ya yiwu ne don ma'anar ta koma "na je na dawo". Ta kafu har ta zama laƙabi a Najeriya da Ghana, inda ake kiran wanda ya je karatu Ingila ya dawo *been-to*.

*Onto* ita ce autar gidan, kuma ta sha wuya kafin a karɓe ta. Yayarta *into* ta girme ta da ɗaruruwan shekaru. Sai a ƙarni na 16 aka fara ganin *on to* a wannan ma'ana, a ƙarni na 18 aka fara haɗe ta, masu buga littattafai a Ingila kuma suka yi ta ƙyamar haɗewar har cikin ƙarni na 20, alhali Amurka ta karɓa tun da wuri. *At* ba ta taɓa samun irin wannan tagwai ba, *to* tsurarta ce abokiyar tafiyarta. Kuma gyaran bai kammala ba ko a wurin *in* da *on*. Bayan aikatau irin *put* da *throw* da *fall* da *jump*, har yau suna yin aikin tafiya su kaɗai kamar a zamanin Alfred: *put it in the box*, *he fell on the floor*. Turanci a nan kamar katangar ƙasa yake, wadda kowane zamani ya yi mata nasa yaɓe. Inda sabon ya ɓare, sai tsohon ya leƙo.

Daga nan ƙere-ƙere suka karɓi ragama. Jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Stockton da Darlington a 1825, na Liverpool da Manchester a 1830, kuma a 1829 George Shillibeer ya sa bas ta dawakai a titunan Landan. Kowane sabon abin hawa sai an nema masa kalma, kuma a ganinmu gado ne ya yi aiki fiye da tunani. Jirgin ruwa yana da dandamalin katako da ake tsayawa a kai, shi ne *on board*. Manyan abubuwan hawa na jama'a, jirgin ƙasa da bas da jirgin sama, suka bi sahunsa da *on*. Ƙaramar mota ta gaji keken doki na masu hali, wanda ake shiga a zauna a rufe, ta ɗauki *in*. Keke da babur suka gaji doki. Ba a dare ɗaya aka daidaita ba: har cikin ƙarni na 20 Turawan Ingila da yawa *in the train* suke cewa. Amurka ta bi tata hanya a wasu wuraren, inda mutum ke zama *on* titi kaza, ɗan Ingila kuwa *in* titi kaza.

A wannan hali Turanci ya iso mu. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909. Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, an kafa ta a 1921, kuma ta yi suna wajen horar da baki a kan Turanci. Yaran da suka zauna a waɗannan azuzuwa sun zo da harshen da ya warware wannan matsala tuntuni, amma ta wata hanya dabam. Hausa a kan aikatau take ɗora tafiya. Muna cewa ya shiga ɗaki, ya fita gari, ya hau dutse, ya ƙetare kogi, ya tafi kasuwa, ba mu neman wata kalma a tsakani. Idan zama ne, "a" guda ɗaya ta ishe mu: a gida, a hanya, a tasha, inda Bature zai raba su uku. Sannan muna da abin da Turanci ya rasa tun da ya zubar da *hither* da *thither*: wasali ɗaya a ƙarshen aikatau yana faɗin ko tafiyar wajen mai magana ta nufo. Shiga da shigo, fita da fito, koma da komo, aika da aiko. Ke nan yaron da ya rubuta *I went Zaria* ko *he is at the room* ba daƙiƙi ba ne. Ya ajiye kayan ne a inda harshen uwarsa ke ajiye su.

Littattafan da muka tashi da su ba su yi wannan bayani ba, domin ba don mu kaɗai aka rubuta su ba. *Common Mistakes in English* na T. J. Fitikides, wanda ya fito a 1936, malami ne a tsibirin Kubrus ya rubuta shi. Ƙamus ɗin A. S. Hornby, wanda Oxford ta buga a 1948, a Japan aka fara haɗa shi. Ga *Brighter Grammar* da *First Aid in English* da suka zaga ƙasashen renon Ingila kaf. Duk da haka ba za mu raina su ba. Wa zai manta malami tsaye da alli a hannu, ya ɗora shi a kan tebur, ya jefa shi cikin kwali, ya ɓoye shi ƙarƙashin littafi, aji na amsawa da murya ɗaya? Hanya ce mai kyau, don ido ne ke koyo kafin baki. Rauninta ya fito ne da aka bar aji aka shiga gari, inda tsohuwar dokar Murray ta babban gari da ƙaramin gari ta biyo mu ba tare da dalilinta ba. Yaro ya rasa ko garinsu ya kai girman *in*.

Masana sun zo sun gyara wannan, amma a makare. A 1959 Randolph Quirk ya fara tara Turancin da mutane ke yi da gaske, na baki da na rubutu, maimakon wanda ake cewa ya kamata su yi. Shi da Sidney Greenbaum da Geoffrey Leech da Jan Svartvik suka fitar da babban nahawu a 1972, suka faɗaɗa shi a 1985, kuma a ciki suka shimfiɗa lamarin a layi uku. Idan mai magana ya ɗauki wuri a matsayin ɗigo, *to* ce ta zuwa, *at* ta tsayuwa, *from* ta tashi. Idan layi ne ko shimfiɗa, *onto* da *on* da *off*. Idan abu ne mai ciki, *into* da *in* da *out of*. Tambayoyin nan uku na kalmomi taran da aka zubar su ne suka dawo, a sabuwar riga. Girman wuri bai shigo ba sam. Jirgin da ya yada zango ya sha mai ya tsaya *at Kano*, mai shago a Kantin Kwari kuwa yana *in Kano*. Yaron da ke karatu yana *at school*, akuyar da ta kutsa harabar tana *in the school*.

Sababbin na'urori sun kawo wuraren da ba ƙafa ke zuwa ba, kuma kusan duka *on* ta kwashe su. Wayar tarho, da Bell ya yi wa rajista a 1876, magana ce a kan layi, sai aka ce *on the phone*. Rediyo da talabijin suka bi, sannan intanet da Facebook. Jarida da littafi, da yake ana buɗe su a leƙa ciki, suka tsaya a *in*. Mu ma da muka tashi faɗa da Hausa mun rabu biyu, wani ya ce ya hau intanet, wani ya ce ya shiga. *At* kuwa, wadda take nan tun zamanin Sakson a matsayin *æt*, ta sami sabon aiki a 1971, lokacin da injiniya Ray Tomlinson ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan kwamfutar da yake a adireshin imel.

Yanzu masu amfani da Turanci a matsayin harshe na biyu sun fi waɗanda suka tsotse shi yawa, kuma su ma suna barin sawunsu. A tashoshinmu ana *enter* mota a *drop* a mahaɗa, wato an mai da tafiyar cikin aikatau kamar yadda harsunanmu suke yi. A ofisoshin Najeriya, ma'aikacin da ya fita *not on seat* yake, inda ɗan Landan zai ce ba ya *at his desk*. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29, ciki har da Kannywood da okada da danfo. Sunaye ne suka fi saurin samun wannan karɓuwa. 'Yan kalmomin wuri, kamar yadda *onto* ta gani, sukan daɗe a bakin ƙofa. Hukumar WAEC, da aka kafa a 1952, tana ci gaba da tambayar su a jarrabawa kowace shekara, don haka ɗalibin yau yana riƙe da tsari biyu a kansa: ya rubuta *get on the bus* a takardar amsa, ya fito bakin titi ya ce wa abokinsa su yi sauri su *enter bus* kafin ta cika.